Yadda Za a Horar da Malaman Jami'a da Ma'aikata Su Tallafi Ɗaliban da Ke Fama da Larurar Ƙwaƙwalwa

Ɗalibin da damuwa ta fara cin ƙarfinsa ba kasafai yake kai kansa wurin likita ba. Wanda ke fara ganin canji a tare da shi shi ne malamin da ke kula da ajinsu, wanda ya lura yaron da ya saba zama a sahun gaba ya yi mako uku ba a ga ƙeyarsa ba. Ko matar da ke kula da ɗakunan kwanan 'yan mata, wadda ta ga wata ta daina fitowa ko ɗiban ruwa. Ko mai gadin da kullum yake tarar da mutum ɗaya zaune bayan ɗakin karatu da ƙarfe ukun dare. Duk sun gani, amma ba wanda ya taɓa koya musu abin da za su yi. Sai kowa ya ce "Allah ya kyauta" ya kama gabansa.

Shekarun jami'a kuwa suna cikin shekarun da waɗannan larurori suka fi ɓullowa. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2005 ya nuna rabinsu sun riga sun fara zuwa shekara 14, kashi uku cikin huɗu kuma zuwa shekara 24. Ga namu ƙarin nauyin: yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022, kuɗin rajista da ya yi tashin gwauron zabi a jami'o'i da yawa daga 2023, ɗaliban da suka taso cikin rikicin Boko Haram ko na 'yan bindiga, da waɗanda aka sace abokan karatunsu kamar yadda ya faru a Afaka a 2021 da Gusau a 2023. Likitocin ƙwaƙwalwa kuma, a ƙiyasin da ƙungiyarsu ta sha bayarwa, ba su kai 300 ba a Najeriya, ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200. Ba makarantar da za ta samu ƙwararre a kowace tsangaya. Abin da za ta iya shi ne ta koya wa mutanen da take da su yadda za su gane matsala, su yi magana, su miƙa ɗalibi hannun da ya dace.

Wannan jagora ta wanda aka ɗora wa shirya horon ce: shugaban sashen harkokin ɗalibai, shugaban sashen ba da shawara, ko daraktan asibitin makaranta.

Mataki na 1: A share hanya kafin a tara mutane

A nan mafi yawan shirye-shirye ke tuntuɓe. A kira taron bita, a ce wa malamai "ku tura ɗalibi wurin ƙwararru", su tafa, a ci abinci, a watse. Ranar da malami ya tashi turawa sai ya tarar ofishin ba da shawara a kulle, ko mutum ɗaya ne a ciki shi ma yana aji. Malamin da haka ta same shi sau ɗaya ba zai ƙara gwadawa ba.

Don haka kafin a sa ranar horo, a zauna da sashen ba da shawara, da asibitin makaranta, da shugaban masu gadi, a amsa waɗannan tambayoyi a rubuce. Wa ake kira da rana, wa ake kira da dare da ranakun hutu? Suna da lambar waya ake so, ba sunan ofis ba. Cikin kwana nawa za a ga ɗalibin da aka turo? Wace mota za ta ɗauki mara lafiya da tsakar dare, wa ke riƙe da makulli, wa ke zuba mai? Wane asibiti za a kai wanda abin ya fi ƙarfin asibitin makaranta?

Tambayar ƙarshen nan sai an taka ƙafa. Makarantun Kano suna da asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Na Kaduna da Zariya suna da asibitin tarayya na Barnawa da asibitin koyarwa na Shika. Na Sakkwato da kewaye suna da asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Na arewa maso gabas suna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri. A je a gana da su, a samu likita ko ma'aikacin jinya guda wanda zai ɗaga waya idan makaranta ta kira. A bincika kuma ko inshorar lafiyar ɗalibai ta TISHIP, inda makaranta ke cikin tsarin, za ta ɗauki kuɗin ganin likitan da na magani. Idan ba za ta ɗauka ba, a ware ɗan asusu na gaggawa, domin ɗalibin da kuɗin abinci ke gagara ba zai sayi maganin wata guda ba.

Duk wannan a tattara shi a takarda shafi ɗaya, a liƙa a kowane ofishin sashe da ɗakin masu gadi, a kuma tura hotonta ta WhatsApp. Idan ta wuce shafi ɗaya ba mai karantawa.

Mataki na 2: Su wa za a horar

Ba manyan furofesoshi za a fara da su ba, duk da cewa sunayensu ne ke fara shiga jerin mahalarta. A fara da waɗanda ɗalibi ke tsayawa a gabansu kowane mako: malaman da ke kula da kowane aji, jami'an jarrabawa na sassa, masu duba furojet na 'yan ajin ƙarshe, sakatarorin sassa, masu kula da ɗakunan kwana, masu gadi, ma'aikatan ɗakin karatu, da ma'aikatan jinya na asibitin makaranta. A sa limaman masallatan makaranta da fastocin majami'unta a sahun farko, domin ɗalibai da yawa can suke fara kai kukansu. Daga baya a shigo da shugabannin aji da na ƙungiyoyin ɗalibai irin su MSSN ta Musulmi da FCS ta Kirista.

Kowane rukuni kada ya wuce mutum 20 zuwa 25, saboda horon na gwadawa ne ba na sauraron lacca ba. Kada a haɗa mai gadi da shugaban tsangaya a zama ɗaya. Mai gadin ba zai buɗe baki ba, alhali shi ya fi kowa labarin abin da ke faruwa da dare. A yi wa ƙananan ma'aikata nasu da Hausa ko harshen da suka fi sakewa a ciki. Zama biyu na awa uku-uku, da mako guda a tsakani, ya fi wuni guda cur amfani. A guji lokacin jarrabawa da na duba takardu.

Mataki na 3: A fara da iyakar aikinsu

Jimlar farko da ya kamata mahalarta su ji ita ce: ba a ce ku zama likitoci ba. Malami ba zai sa wa ciwo suna ba, ba zai rubuta magani ba, ba zai mayar da ofishinsa ɗakin jinya ba. Da zarar sun ji haka sai ka ga hankalinsu ya kwanta, domin abin da yawancinsu ke tsoro ke nan, a ƙara musu kaya kan wanda ya riga ya danne su.

Ba sai an ƙirƙiro manhaja daga tushe ba. A Ostareliya aka fara shirin koyar da taimakon farko na lafiyar ƙwaƙwalwa a 2000, ya kuma bazu ƙasashe da dama. A Amurka akwai tsarin QPR tun 1995, wanda ya ginu kan tambaya, lallashi da turawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorar taimakon farko ga waɗanda suka shiga tashin hankali a 2011, mai ginshiƙai uku: duba, saurara, haɗa. Wannan na ƙarshen ya fi sauƙin riƙewa, kuma kyauta ne a intanet. Ga ma'aikatan asibitin makaranta akwai jagorar mhGAP ta hukumar, wadda aka tsara don ma'aikatan lafiya da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba.

Mataki na 4: Abin da za su riƙa dubawa

Abin lura shi ne canji, ba hali ba. Mai shiru-shiru tun asali ba matsala ba ne. Mai surutun da ya yi tsit shi ne abin tambaya. A karatu: ƙin shiga aji, sakamako ya faɗi warwas bayan ya saba yin kyau, furojet ya tsaya wata da watanni, ko ɗalibi ya shiga jarrabawa ya miƙa farar takarda. A jiki da mu'amala: rama, ƙazanta ga wanda aka sani da tsafta, kuka ba dalili, saurin fushi, janyewa daga abokai da sallar jam'i.

A dage kan wani abu guda da horon da aka kwaso daga waje yakan tsallake. Ɗalibinmu ba zai ce "ina cikin ciwon damuwa" ba. Cewa zai yi kansa na zafi a tsakiya, wani abu na yawo a jikinsa, zuciyarsa na bugawa, barci ya ƙaurace masa, yana karatu ba ya zama. Tun 1960 wani likita mai suna Raymond Prince ya rubuta irin waɗannan koke-koke a tsakanin ɗaliban Najeriya. Wanda aka yi wa maganin maleriya da taifot sau uku a zango ɗaya bai ji sauƙi ba, ya kamata ma'aikacin jinya ya ajiye allura ya tambaye shi yadda yake barci da abin da ke damunsa.

A raba alamun gida uku domin kowa ya san saurin da zai yi. Na farko, ɗalibi na cikin ƙunci amma yana tafiyar da harkokinsa: a yi magana da shi, a nuna masa inda zai je. Na biyu, abin ya fara hana shi karatu da ci da barci: a haɗa shi da mai ba da shawara cikin kwana ɗaya ko biyu. Na uku, yana maganar mutuwa, ko yana jin muryoyi, ko ya kwana uku ba barci yana ta zuba ba kan gado, ko yana barazana ga wani: yanzu-yanzu, kuma ba a barinsa shi kaɗai.

Mataki na 5: Gwajin hira, wanda shi ne zuciyar horon

Rabin lokacin horo a nan ya kamata ya tafi. A raba mutane uku-uku: ɗaya malami, ɗaya ɗalibi, ɗaya mai kallo, sannan a juya. Da farko za a yi ta dariya da noƙewa. A bar su, zuwa zagaye na biyu dariyar za ta ɗauke.

Ga misalin da za a iya ba su. Ɗalibin aji uku ya zo kan maganar kwasa-kwasan da ya faɗi.

"Malam, na zo ne kan rajistar kariyoba ɗina."

"To, zauna mu duba. Amma kafin nan, na lura zangon nan ba ka cika shigowa aji ba, kuma ka rame. Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Malam."

"Alhamdu lillahi. Na tambaya ne don ba haka na san ka ba. Kana samun barci kuwa?"

Shiru. A nan ake gane wanda ya koyi darasin. Yawancinmu ba ma iya jure shirun daƙiƙa goma, sai mu cike shi da nasiha. A koya wa malami ya ajiye biro, ya kife waya, ya jira.

"Wallahi Malam, tun da Baba ya rasu ban ƙara yin barcin kirki ba. Ni ne babba a gida."

"Allah ya jiƙansa. Lallai ka ɗauki kaya mai nauyi, kuma kai kaɗai. Wa ka taɓa gaya wa wannan?"

A lura da abin da malamin ya yi. Ya faɗi abin da idonsa ya gani, bai yanke hukunci ba. Bai karɓi "lafiya lau" ta farko ba, don kowa ya san gaisuwa ce. Ya tambayi barci, wanda ba abin kunya ba ne a amsa. Bai kuma yi saurin cewa "ka yi haƙuri, kowa da tasa" ba. Haƙuri da tawakkali gaskiya ne, amma idan suka zo a jimlar farko ɗalibi yakan ji an rufe masa ƙofa. Daga cikin kalaman da za a rubuta a allo a ce a daina: "kai fa namiji ne", "raunin imani ne", "mu da muka yi karatu da fitilar ƙwai ba mu mutu ba", "shagwaɓa ce kawai".

Rufe hirar ma sai an gwada. "Je ka ga masu ba da shawara" turawa ce da ba ta kai ko'ina. A maimakon haka: "Akwai wata malama a sashen ba da shawara da na yarda da ita. In kira ta yanzu a gabanka, ko mu taka tare?" Sannan: "Ka leƙo ni ranar Alhamis in ji yadda kuka yi." Idan Alhamis ta zo bai leƙo ba, malamin ya neme shi.

Abu biyu kuma. Kada malami ya yi alkawarin rufe sirri ɗari bisa ɗari; ya ce, "Maganarka tana wurina, sai fa idan na ga ranka ko na wani na cikin haɗari, a nan zan nemi taimako, kuma zan gaya maka kafin in yi." Sannan malami namiji da ɗaliba mace: a bar ƙofa a buɗe, ko a zauna inda ake hango su ba a jin su, ko a tambaye ta ko ta fi son magana da malama. Ba hirar dare a waya. Wannan kariya ce gare su duka biyu, kuma a tuna wata ɗalibar abin da ke cin ta shi ne wani malamin da ya matsa mata; dole horon ya nuna inda ake kai irin wannan ƙara.

Mataki na 6: Tambayar da kowa ke gudu

Kowane mahalarci sai ya furta ta da bakinsa a ɗakin horo, ko sau ɗaya: "Kana tunanin kashe kanka?" Za a samu masu cewa ai tambayar ce za ta sa masa ra'ayin. Bincike ya sha nuna ba haka ba ne. Wanda ke cikin wannan hali sau da yawa sauƙi yake ji idan wani ya tambaye shi kai tsaye. Za a samu masu cewa Musulmi ko Kirista na gari ba ya irin wannan tunani. Yana yi, sai dai tsoron abin da za a ce ya sa ya ɓoye, ya riƙa faɗa a kaikaice: "na gaji da duniya", "gara ba ni", "ku yafe ni" a saƙon WhatsApp da tsakar dare, ko ya fara rabar da kayansa.

Idan amsar "eh" ce, malami kada ya razana, kada ya fara wa'azin wuta. Ya tambaya ko ya shirya yadda zai yi da lokacin, ya zauna tare da shi, ya kira lambar da ke kan takardar nan, a raba shi da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a raka shi asibiti. Masu kula da ɗakunan kwana su san dalilin da ya sa NAFDAC ta taƙaita sayar da wasu magungunan ƙwari masu guba a 2019, su hana ajiye su a ɗakuna.

A yi maganar doka a fili. Sashe na 231 na kundin Penal Code na Arewa da sashe na 327 na Criminal Code na Kudu sun sa yunƙurin kashe kai cikin laifuka, wannan kuma na sa abokan ɗaki su ɓoye wanda ya yi yunƙuri maimakon su garzaya da shi asibiti. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin mai larura na samun kulawa da mutunci ba tare da wariya ba. Hukumar makaranta ta rubuta ƙarara cewa irin wannan ɗalibi asibiti ake kai shi, ba ofishin tsaro ko kwamitin ladabtarwa ba.

Masu gadi na buƙatar nasu gwajin daban, kan ɗalibin da ya rikice a bainar jama'a: a kori 'yan kallo, a hana ɗaukar bidiyo, mutum ɗaya ya riƙa magana a hankali, a ba shi sarari, ba duka, ba ɗauri, ba jayayya da abin da yake cewa yana gani.

Mataki na 7: Aljanu, ruƙiyya da iyaye

Ba makawa wani zai ɗaga hannu ya ce, "To idan iskokai ne ko sammu fa?" Mai horarwa da ya yi dariya ya rasa ɗakin. Amsar da ke aiki ita ce: ba a hana kowa addu'a ko ruƙiyya ba, amma a haɗa da asibiti, kada a dakatar da magani, kada a yarda da duka ko mari ko hana abinci. Akwai hujja a kan haka. Binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda aka wallafa a 2020, ya nuna masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi inda masu maganin gargajiya da na addini suka yi aiki tare da ma'aikatan lafiya. Limamin makaranta da ya fahimci haka, idan ya ce wa uba "Alhaji, a ci gaba da addu'a, amma a kai shi Dawanau", maganarsa ta fi ta malamai goma shiga.

Game da iyaye, ɗalibin jami'a galibi baligi ne, sai da izininsa za a kira gida, in ba rai ke cikin haɗari ba. A tambaye shi wa ya fi so a kira. Wani zai ce yayarsa, wani kawunsa. Wata za ta roƙa kada mahaifinta ya ji don tsoron a cire ta daga makaranta a aurar. A ɗauki wannan tsoro da muhimmanci.

Shaye-shaye ma a taɓo shi. Binciken da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka yi a 2018 ya gano kusan mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, kuma a 2018 ɗin ne gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Sau da yawa taramol ko wiwi yunƙurin danne wata damuwa ne. A bambanta mai sayarwa da wanda ya kawo kansa neman taimako. Idan duka kora ce hukuncinsu, ba wanda zai ƙara kawo kansa.

Mataki na 8: A gyara ƙa'idojin karatu

Malami mai tausayi ba zai iya komai ba idan ƙa'ida ta ɗaure masa hannu. A kai wa majalisar jami'a buƙatar cewa takardar likitan ƙwaƙwalwa ta zama hujjar ɗage zango ko sake zama jarrabawa, daidai da takardar wanda ya karye a ƙafa, kuma ba sai an karanta sunan ciwon a taron sashe ba. A tsara yadda wanda ya yi jinya zai dawo: wa zai tarbe shi, kwas nawa zai iya ɗauka. Duk ɗalibin da za a ba takardar gargaɗi ko ta kora, a kira shi a gaya masa ido da ido, da mai ba da shawara a kusa, kada ya tsinci lambarsa a allon sanarwa cikin jama'a da yammacin Juma'a lokacin da ofisoshi suka rufe.

Mataki na 9: Bayan an watse

Kada a auna nasara da yawan waɗanda suka sa hannu a takardar halarta. Bayan zango ɗaya a tambayi sashen ba da shawara, ba tare da sunaye ba: ɗalibai nawa aka turo, daga waɗanne sassa, nawa suka iso, kwana nawa suka jira? Sashen da bai turo kowa ba a koma masa. Idan masu zuwa sun ninka har layi ya yi tsawo, a kai wa shugaban makaranta alƙaluman a nemi ƙarin ma'aikata.

A riƙa zama na awa ɗaya kowane wata da waɗanda aka horar, su faɗi abin da suka ci karo da shi a sakaye. Malamin da ya kwana a asibiti da ɗalibi, ko wanda ya rasa ɗalibinsa duk da ƙoƙarin da ya yi, shi ma sai an neme shi an ji halin da yake ciki. A rubuta tun yanzu abin da za a yi idan rasuwa irin wannan ta auku: wa zai sanar da iyaye, wa zai zauna da abokan ɗaki da 'yan aji, da roƙon kada a yaɗa hoto ko bayanin yadda abin ya faru. A duba lambobin da ke kan takardar shafi ɗaya a farkon kowane zango, domin ana canja wa mutane wurin aiki, layuka kuma na mutuwa. Sannan duk wanda aka naɗa sabon mai kula da aji ko ɗakin kwana ya yi horon kafin a miƙa masa makullin ofis.